Ɗan Kanzagi

Shekara tara ke nan ina bakin benci
a rumfar Alhaji Sammani, Kantin Kwari.
In ya ce atamfar nan ba ta zuba,
in ce ko a Kogin Challawa aka jiƙa ta.
In ya ce yau garin da sanyi,
in share gumi in ce ƙwarai kuwa.
Dariyata kan riga tasa fita ƙofa.

Ran Talata wani yaro mai tura baro
ya sauke dila shida, Alhaji ya biya ladan biyar.
Na ce, ai ma an yi maka alheri.
Yaron bai dubi Alhaji ba,
ni ya duba, tun daga hula har silifa,
ya ce, kai dai ɗan kanzagi ne.
Ya juya baronsa, cunkoso ya haɗiye shi.

Kalmar ta shiga adaidaita tare da ni,
ta sauka a Mandawari inda na sauka,
ta zauna a gefen kwanon tuwo.
Na sha jin ta, na sha jifan wasu da ita,
ban taɓa tambayar gidan ubanta ba.

Bayan Kurmi, ta wajen Jakara,
akwai zauren da ke warin jima,
inda Baba Lawandi ke ɗaure ganguna.
Na gaishe shi, na ce tambaya ta kawo ni.
Bai ce komai ba, ya miƙa hannu kan ƙusa,
ya sauko da wata 'yar ganga
da ba ta fi ƙwaryar fura ba,
ya hure ta, ya ɗora min a cinya.

Ya ce, ga shi nan, shi ne kanzagi.
Yaro ake rataya wa a wuya.
Ba ya buɗe kiɗa, ba ya rufe shi.
Babbar ganga ta yi magana,
shi kuma ya cike inda ta ja numfashi.
Daga nan mutane suka ari sunan
suka liƙa wa mai cewa haka ne, ranka ya daɗe.

Na ce, ashe yaron bai yi ƙarya ba.

Tsoho ya yi dariya, haƙori uku.
Ya ce, ya yi, amma ba kai ya yi wa ba,
gangar ya yi wa.
Ina ɗan shekara goma na riƙe wa babana ita
a wani biki a Yakasai.
Hannunsa ya zame, kiɗa ya karkace,
ni kuma na bi shi, don shi ne babba.
Da muka dawo gida ya kama kunnen nan,
ka ga har yau bai koma daidai ba,
ya ce, in na faɗa rami kai ma sai ka faɗo?
To wa zai miƙo min igiya?
Kai ne turke. Ka tsaya inda kiɗa yake
har in ji ka, in dawo.

Ya karɓi abarsa ya mayar kan ƙusa.
Ya ce, sunan suka ɗauka, ɗana,
aikin yana nan inda suka bar shi.

Washegari wata mata daga Gwammaja
ta sayi shadda yadi biyar.
Na ga inda babban yatsan Alhaji ya tsaya a kan awo.
Ya ce, biyar cif, ko ba haka ba, Tanimu?
Bakina ya buɗe da kansa,
kamar ƙofar da ta saba da iska.

Fanka tana juyawa.
Matar tana ƙirga kuɗi.
Na ji muryata, 'yar ƙarama, kamar ba tawa ba:
Alhaji, a dai sake aunawa.